Goran da Nomau Maɗori Ya Ɗauko

A can wani zamani, tun ana auna tafiya da kwanaki, an yi wani maɗori a garin Ƙwarin Gawo ana ce masa Nomau. Ɗori gadon gidansu ne, shi ne na bakwai a jere. Idan aka kawo masa wanda ya karye ba ya tambayar komai. Yatsu uku yake ɗorawa a kan fata, ya rufe ido, ya ce, "Ga ta nan, gida biyu ta yi," ko ya ce, "Gocewa ce kawai." Daga ƙauyuka masu nisa ake kawo masa mutane, wasu a kan jaki, wasu a kan ƙyauren ɗaki.

Wata damina katanga ta faɗo wa matarsa Lantana tana tankaɗe a gindinta. Shi da kansa ya ɗaure mata ƙugu. Ta yi kwana tara ta rasu. Aka yi sadakar uku, aka yi ta bakwai, aka yi ta arba'in, masu gaisuwa suka ɗauke ƙafa, amma abin da ke ƙirjinsa bai ragu ko kaɗan ba.

Ran wata kasuwa, da rana tsaka, ya bi ta bayan masu tukwane sai ya ga wata mata zaune a kan tabarma, ba kaya a gabanta sai goruna da ba komai a ciki. Mutane na wucewa ba mai kallonta. Ya duba ƙasa ya ga ba ta da inuwa.

Ta ce, "Barka da isowa, ɗan Adam mai nauyin ƙirji. Ni ba sayarwa nake yi ba, karɓa nake yi. Abin da ya danne ka, hura shi cikin goran nan, ka koma gida sakayau."

Ya ce, "Me zan ba ki?"

"Shi ne abin da za ka ba ni."

"Me zan rasa?"

Ta ce, "Wannan tambaya ba a amsa ta a kasuwa."

Nomau ya karɓi gora ya hura. Goran ya yi nauyi har sai da ta sa hannu biyu ta karɓa, ta toshe bakinsa da totuwa. Da ya ɗaga kai, babu ita babu tabarma.

Ya koma gida ya ci tuwo bai ji ɗanɗano ba. Ya ga zanen Lantana a kan igiya, ya dube shi kamar zanen kowa. Washegari yana hura wuta garwashi ya kama masa yatsa, sai da ya ji ƙauri sannan ya janye hannu.

Bayan kwana shida aka kawo masa wani manomi mai suna Jatau, sansa ya tunkuye shi, cinya ta karye. Nomau ya ɗora yatsu uku kamar yadda ya saba, ya ji kamar ya ɗora a kan itace. Bai gaya wa kowa ba. Ya ja ƙafar yadda ido ya nuna masa, ya jera karare ya ɗaure. Kwana huɗu Jatau yana ihu, da aka duba sai aka ga tafin ƙafar ya juya yana kallon gefe.

A ranar Goggo Tabawa, ƙanwar mahaifin Nomau, ta shigo gidan tana dogara sanda, ta same shi zaune a tsakar gida yana kallon bango.

Ta ce, "Nomau, me ka yi da hannun ubanka?"

Ya ba ta labari duka, a kwance, kamar yana ba da labarin wani. Da ya gama ta ce, "Na san ta. Tun zamanin kakanka take zuwa. Ta kogon kukar da ke kan busasshen rafi ita da irinta suke shiga da fita. Ka je ka karɓo abinka."

"Ba na jin ina so, Goggo."

"Ban tambaye ka abin da kake so ba. Jatau na da mata da 'ya'ya huɗu, ga gero ya isa girbi. In ƙafar nan ta haɗe a haka, ya gama noma har abada. Tashi."

Ya nemi dalilin ƙi a ransa bai samu ba, ya nemi dalilin tafiya shi ma bai samu ba. Sai ya tashi, tunda an ce ya tashi.

Ya isa kukar rana na tsakiyar kai, ya sunkuya ya shiga kogon. Taku uku ya yi ƙasa ta gushe a ƙarƙashinsa, ya faɗo a wani fili na baƙaƙen duwatsu masu hayaƙi. Sama ba rana ba wata, haske ne kawai irin na bayan la'asar. A gabansa wani aljani na tsaye, tsawonsa ya kai giginya, ido ɗaya gare shi a tsakiyar ƙirji.

Aljanin ya ce, "Tsaya, bil'adama. Ni ne mai tsaron wannan fili. Masu wucewa ta nan iska ce ke kawo su, ba su san sun zo ba. Kai da ƙafarka ka zo. Me kake nema?"

Nomau ya ce, "Ranka ya daɗe, ajiya na ba wata mata mai goruna, na zo karɓa."

"Shekara ɗari uku ina nan ban ji wannan magana ba. Duwatsun nan wuta ce. Wanda ya taka ya yi ƙara, ni ke cinye shi. Ka yarda?"

"Na yarda."

Ya taka ya wuce, aljanin na biye da shi yana kasa kunne. Ya yi tafiyar yini bai yi ko tari ba. Sai da ya kai ƙarshen filin ya zauna ya duba, ya ga tafin ƙafafunsa sun ƙone sun yi baƙi. Ya yagi gefen rigarsa ya naɗe su, ya ci gaba.

Daga nan ya shiga wani gari mai yawan inuwa, ba ganuwa ba ƙofa. Mutane ne 'yan Adam, dubbai, kowa zaune a gindin itace. Itatuwan na zubo musu 'ya'ya a cinya, su ɗauka su ci. Ba mai gaida wani. Ya yi sallama sau uku ba a amsa ba. Can wata mata ta ce, ba tare da ta dube shi ba, "Kai ma ka hura? Zauna. Duk wanda ya hura nan yake ƙarewa, ko ba daɗe ko ba jima. Nan ba mai kiran kowa."

Ya zauna. Wurin ya yi masa daidai. Bai san iya lokacin da ya yi ba, sai dai ya ga ciyawa ta fito ta naɗe masa idon sawu, ta hau ƙwauri, ta kai gwiwa. Ya duba na kusa da shi ya ga wasu ta kai musu wuya. Bai damu ba. Ya tuna Jatau kamar yadda mutum ke tuna sunan wani ƙauye da ya taɓa wucewa.

A damansa akwai wani dattijo da kafaɗarsa ta goce, hannun na lilo kamar ba nasa ba. Nomau ya yi ta kallon kafaɗar. Ba tausayi ya ji ba. Abin dai bai zauna daidai ba ne, kuma idonsa ya ƙi barin wurin. Can sai ya ga ya miƙe, ciyawar na tsintsinkewa, ya sa gwiwa a hammatar dattijon ya ja hannun, kafaɗar ta koma da ƙara. Dattijon bai ce uffan ba, ya ɗauki ɗan itace da hannun ya kai baki. Tunda Nomau ya riga ya miƙe, sai ya kama hanya.

Gari na gaba na aljanu ne, da ganuwa ta jan ƙarfe, ga hayaniyar aiki ko'ina. Ya ga mata a bakin rijiya suna zura guga suna jawo shi a bushe, suna juye iska a tuluna, suna ɗauka a kai su tafi. Ya ga masaƙa suna saƙa ba zare. A ƙofar wata fada da rufinta ya rufta, wani makaɗi na dukan ganga, hannuwansa na zubar jini.

Nomau ya ce, "Sannu da aiki. Wa kake yi wa kiɗa?"

Makaɗin ya ce, "Sarki."

"Ina sarkin?"

"Ya mutu tun zamanin kakan kakana. Ubana ya yi kiɗan nan, ubansa ya yi. Abin da aka haife ni a kai ke nan."

"To wa ke ji?"

Makaɗin ya ce, "Ba a taɓa yi mini wannan tambaya ba. Kada ka sake."

Nan da nan dogarai masu kawunan kuraye suka kewaye shi. Babbansu ya ce, "Baƙo, a garin nan ba mai zama sai da gadonsa. Mene ne naka?" Ya ce ɗori. Suka ja shi zuwa wani fili da aka tara ƙasusuwan matattu tsibi guda kamar tsauni, suka ba shi karare da igiya. Babban ya ce, "Ka ɗora su duka. In ka gama za mu wargaza, ka sake. In ka bari, naka za su hau tsibin."

Ya zauna ya fara. Aikin ya zo masa da sauƙi, don ba mai ihu, ba mai kumburi. Ya haɗa ƙashi ɗari, ya haɗa ɗari biyu. Da ya ɗaura wani ƙashin cinya ya ajiye, sai ya dube shi ya ce a fili, "Wannan ba zai taka ba." Ya ajiye igiya ya tashi ya nufi ƙofar gabas. Dogaran suka biyo shi da masu. A bakin ƙofar wani tsohon aljani na zaune da mabuɗi a wuya.

Nomau ya ce, "Baba, mene ne gadonka?"

"In buɗe wa duk wanda ya ƙwanƙwasa."

Ya ƙwanƙwasa, tsohon ya buɗe, ya fita. Dogaran suka tsaya cak a bakin ƙofa, don ba wanda ubansa ya taɓa ƙetare ta.

Ya yi ta hawan wani tsauni har ya isa bakin wani babban kogo. A nan ya same ta, matar kasuwa, zaune a kan gadon azurfa, aljanu na mata fifita. A gefenta wata gauraka ce kwance, girmanta ya kai rumbu, fiffikenta ɗaya shimfiɗe a ƙasa.

Ya durƙusa ya ce, "Allah ya ja zamaninki. Ni ne Nomau na Ƙwarin Gawo. Na zo karɓar abin da na hura."

Ta ce, "Ni ce Uwar Goruna. Ka sani, ɗan Adam, ƙasarmu sanyi gare ta, da baƙin cikinku muke jin ɗumi, kuma abin da ya shiga kogon nan bai taɓa fita ba. Amma ga gaurakata da ke kai ni kasuwanninku, iska ta buga ta da dutse, bokayena sun kasa. In ka ɗora fiffiken, ka roƙi abin da kake so. In ka ɓata shi, za ta ci hantarka kana kallo."

Ya matsa ya ɗora yatsu uku a kan fiffiken. Babu komai. Sannan ya yi abin da bai taɓa yi ba tun da ya fara ɗori. Ya ce wa tsuntsuwar, "Baiwar Allah, hannuna ya mutu, amma ke kina ji. Zan bi ƙashin ina dannawa, ki gaya mini."

Gaurakar ta buɗe ido ta ce, "Ba wanda ya tambaye ni sai kai. Danna."

"Nan ne?"

"Gaba."

"Nan?"

Ta yi ƙara har duwatsu suka gangaro. Ta ce, "Nan ne, da kuma wani wurin kusa da gaɓa." Ya sa aljanu goma suka riƙe ta, goma suka ja fiffiken, yana juyawa kaɗan kaɗan yana tambaya, har ta ce, "Tsaya. Ya zauna." Ya jera sandunan giginya ya ɗaure.

Uwar Goruna ta ce, "Ka cika. Yanzu saurara. Zauna a nan ka zama sarkin ɗorin aljanu. Ba yunwa, ba tsufa, ba abin da zai sake taɓa ƙirjinka. Ko kuwa ka ɗauki gora, amma ka sani jin hannu da ciwon zuciya tare suke shiga, tare suke fita. Me zai mayar da kai? Don ubanka ya yi ɗori?"

Ya ce, "Na ga masu yi don ubansu ya yi. Ba shi ba ne."

"Don kana ƙaunar mutanen garinku?"

"Ba na jin komai game da su, ranki ya daɗe. Ko matata ba na ji."

"To mene ne?"

Ya ce, "Akwai wani mutum kwance, ana ce masa Jatau. Ni na karkata masa ƙafa. A garin ba wanda ya san gyaranta sai ni. Iyakar abin da na sani ke nan."

Ta tashi ta kai shi cikin kogon. Goruna ne rataye tun daga ƙasa har inda ido ba ya kaiwa, duk iri ɗaya, duk da totuwa a baki, kogon na ta huci kamar maƙera.

Ya ce, "Wanne ne nawa?"

Ta ce, "Ba ma sa musu alama. Mu a wurinmu duk itacen wuta ne. Ka zaɓi ɗaya. Wanda ka ɗauka naka ne har kabari, babu musaya."

Ya bi su yana girgizawa, yana kai su kunne, yana shinshinawa. Ba wanda ya ce masa komai. Da ya ga haka sai ya miƙa hannu ya ciro wanda ke kusa da shi. Uwar Goruna ta hura masa iska a fuska, ya buɗe ido ya gan shi a gindin kuka, da hantsi, gora a hannu.

A gari ya tarar an yi kwana ashirin. An girbe geron kowa sai na Jatau, tsuntsaye na ta sauka a kai. Ya wuce kai tsaye gidan, yana ɗingishi a kan tsummokaran ƙafarsa. Jatau na kwance a zaure ya rame, matarsa Kande na masa fifita, Goggo Tabawa na zaune a gefe.

Kande ta ce, "Ka dawo ka ƙarasa shi ne?"

Ya zauna a ƙasa, ya cire totuwar, ya kai goran baki ya zuƙa.

Abin da ya shigo ba Lantana ba ce. Wata yarinya ce 'yar shekara shida, da wushirya, da jar tsakiyar ado a wuya. Ya ga bakin wani tafki da bai taɓa gani ba, ya ga ɗan tulunta yana yawo a kan ruwa. Ya san nauyinta a kafaɗa, ya san yadda take ce wa ruwa "luwa". Sai ya kife a ƙasa yana kiran "Yalwa! Yalwa!" da muryar da ba a taɓa jin ta a bakinsa ba. A lokacin ne ƙunar ƙafafunsa ta taso masa gaba ɗaya, da ta yatsa, da yunwar kwana ashirin.

Da ya samu numfashi ya ja jiki ya ɗora yatsu uku a cinyar Jatau. Ya ji ta sarai, ƙashi ya hau kan ƙashi ya fara haɗewa a karkace.

Ya ce, "Jatau, ni na ɓata maka. Hannuna ya mutu a ranar, na ɓoye. Yanzu sai na sake karya ta kafin in gyara, kuma zafin zai fi na farko. Ka yarda?"

Jatau ya dube shi, ya dubi matarsa. Ya ce, "Zan taka?"

"In Allah ya so za ka taka. Da ɗan ɗingishi."

"To karya."

Aka kira maza huɗu suka danne shi, aka sa masa tsumma a baki. Nomau ya karya, ya ja, ya juya har ya ji bakin ƙashi ya sami ɗan'uwansa, ya jera karare ya ɗaure. Duk wannan hawaye na zuba a kan hannuwansa, ba su hana shi komai ba. Da aka gama ya ce wa mazan nan huɗu su tara mutane gobe a shiga gonar Jatau.

Ya fito ya zauna a dakalin ƙofar gida. Goggo Tabawa ta biyo shi ta zauna kusa da shi, ta fara kwance masa tsumman ƙafa.

Ta ce, "Wace ce Yalwa?"

"Ban san ta ba, Goggo. Ban san garinsu ba, ban san uwarta ce ta hura ko ubanta ba. A ruwa ta mutu."

"Lantana fa?"

Ya neme ta a ransa. Fuskarta na nan, muryarta na nan, amma wurin shiru. Ya ce, "Baƙin cikinta na can cikin kogo. Ba zan same shi ba."

Goggo ta shiga shafa masa man shanu a tafin ƙafa. Can ta ce, "Allah ya ji ƙan su duka biyun."

Ya ce, "Amin."

Jatau ya taka bayan wata uku, da ɗan ɗingishi. Nomau ya yi shekara talatin da ɗaya yana ɗori bayan wannan, kuma bai sake taɓa mai karaya ba sai ya tambaye shi inda ke ciwo. Kowace shekara idan tafkuna suka cika, yakan sa a toya waina a raba wa yaran unguwa, sadakar wata yarinya da ba wanda ya san ta a garin. Iyakar abin da ya zo mana na labarinsa ke nan.